Yadda Unguwa Za Ta Dasa Bishiyoyi Su Rayu, da Ƙofofin da Ake Samun Tallafi

Duk shekara idan damina ta kankama, sai ka ga an kafa rumfuna an jera kujeru, babban baƙo ya durƙusa ya dasa bishiya, a ɗauki hoto a watse. Ka koma wurin a watan Maris, sau da yawa busasshen tsinke kawai za ka tarar a tsakiyar rami. Dashen ba shi da laifi. Abin da ya rasa shi ne mai ba shi ruwa daga Oktoba zuwa Mayu, da abin da zai tsare shi daga bakin akuya. Samun dashe shi ne mafi sauƙi a cikin aikin nan, domin gwamnati da ƙungiyoyi suna rabawa kyauta. Shi ya sa neman tallafi ba shi ne matakin farko ba a nan. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata ku gama kafin ku taka ƙofar kowane ofis.

Ku fara da mutane

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa kwamiti. A samu dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, a samu matasa masu jini a jika, a samu mace ko mata biyu, domin ruwan da zai raya bishiyar ƙofar gida yawanci daga cikin gida yake fitowa, kuma matan gida ne ke da iko da shi. Sai ku je wurin mai unguwa. Ba sanar da shi za ku je yi ba, shawara za ku nema: "Ranka ya daɗe, ga abin da muke so mu yi, ina ka ga ya dace, ina kuma ka ga za a samu rigima?" Shi ya san filin da ake shari'a a kansa da lungun da maƙwabta biyu ba sa ga-maciji. Daga nan sai liman. Hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya ce duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi, idan liman ya karanta shi bayan sallar Asuba ya fi fosta ɗari tasiri. A unguwar da ke da coci, ku je wurin fasto a makon da kuka je wurin liman.

Ku yi wa ƙungiyar rajista a ƙaramar hukuma, ku buɗe asusun banki da sunanta da sa hannun mutum biyu ko uku. Rajistar hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista a matakin tarayya, za ta iya jira zuwa lokacin da za ku nemi kuɗi daga manyan masu tallafi.

Ku zagaya da littafi a hannu

Ku zaɓi safiya guda ku bi layi-layi, kuna rubuta bishiyoyin da ke tsaye da wuraren da za a iya ƙara wasu: ƙofar gidaje, harabar masallaci, makarantar firamare, islamiyya, asibitin sha-ka-tafi, maƙabarta, filin Idi, bakin kasuwa. A kowane wuri ku ɗaga kai ku duba wayar lantarki, ku sunkuya ku duba kwata, bututun ruwa da ramin masai. Babbar bishiya ba ta zama a ƙarƙashin waya, domin ranar da ta kai, masu gyaran wuta za su sare mata kai. Tsakaninta da katanga a bar aƙalla mita 5. Idan gefen babban titi ne, sai da izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano, don kada ku sha wahalar shekara uku a zo faɗaɗa titi a tumɓuke.

Ga dokar da nake ganin ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya: kada a haƙa rami sai an rubuta sunan mai bishiyar a gabansa. Mutum guda, ba "jama'ar layi" ba. Mai shayin bakin titi, mai faci, mai wankin mota, ladan, maigadin makaranta, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida, waɗannan su ne suka fi riƙe amana, saboda su ne za su zauna a inuwar kuma suna wurin kullum. Wurin da aka rasa mai ɗauka, a tsallake shi komai kyansa.

Ku yi lissafin ruwa tun yanzu

A nan ne yawancin buri ke raguwa, kuma gara ya ragu a takarda. A ce kuna son bishiya 100, kowace tana shan lita 20 sau biyu a mako idan ruwan sama ya ɗauke. Lita 4,000 ke nan a mako, wato jarka 160 mai cin lita 25. Idan kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 10, kura 16 kuke buƙata kowane mako. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Mayu kusan mako 32 ne, kura sama da 500 ke nan. Ku tambayi mai ruwan unguwarku farashin kura a watan Afrilu, ba na watan Agusta ba, ku ninka. Abin da kuka samu shi ne ainihin kuɗin aikin.

Idan ya fi ƙarfinku, ku rage adadin ko ku nemi ruwan da ake zubarwa a banza. Ruwan alwala na masallaci shi ne na farko: ɗan magudani daga wurin alwala zuwa gindin bishiyoyi uku ko huɗu ya raba ku da sayen ruwa gaba ɗaya. Haka malalar bakin rijiyar burtsatse da ruwan ɗaurayar kwanuka. Ruwan wanki mai yawan omo ko bilic kuwa a kai shi kwata. Bishiya 30 da suka rayu sun fi 300 da aka yi wa biki.

Wace bishiya, a ina

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, ita ce ta mamaye garuruwanmu. Daga ƙasar Indiya asalinta, an shigo da ita Borno a wajajen 1928, kuma titunan Maiduguri shaida ne kan yadda ta karɓi ƙasar. Tana jure fari, tana saurin girma, tana riƙe ganye a lokacin da ake tsananin buƙatar inuwa. Amma kada unguwa ta zama darbejiya zalla, domin cuta guda za ta iya kwashe su a lokaci ɗaya. Madaci ya fi ta kwarjini a gefen titi mai faɗi da harabar makaranta, sai dai yana son fili, mita 8 zuwa 10 tsakani, kuma masu neman magani suna ɓare masa ɓawo. Idan aka ɓare shi zagaye, bishiyar ta mutu ke nan, don haka a dasa shi inda ido ke kai. Ceɗiya da durumi su ne bishiyoyin dandali tun kaka da kakanni, kuma ba sa buƙatar iri: reshe mai kauri ake sarowa a kafa da damina ya kama. Saiwarsu ce matsala, tana fasa daɓe tana bin ramin masai, saboda haka a fili ake sa su, ba a lungu ba. Tsamiya da kanya da kuka na masu haƙuri ne, sun dace da maƙabarta da filin Idi, inda ba wanda zai tashe su.

Cikin gidaje kuwa a ba mutane abin da za su ci: mangwaro mai aure, gwaiba, lemun tsami, zogale. Ba a roƙon kowa ya shayar da mangwaron gidansa. Itacen turare ni ban cika son sa a cikin gari ba. Inuwarsa ba ta da kauri, yana zuƙe ruwan ƙasa, rassansa kuma suna karyewa da iskar farkon damina.

Ƙofofin da za ku ƙwanƙwasa

Yanzu kuna da kwamiti, da jerin wurare, da sunayen masu riƙo, da lissafin ruwa. Ku fara da ƙofar da ta fi kusa: malamin daji na ƙaramar hukumarku, a sashen aikin gona. Shi ya san wurin renon dashe na gwamnati da ke aiki a bana da wanda ya zama kango, kuma zai iya zuwa ya duba muku ƙasa. Sama da shi akwai ma'aikatar muhalli ta jiha da sashenta na gandun daji, waɗanda ke raba dashe da damina. Wasu jihohin suna da shiri na musamman, kamar shirin 3G (Gombe Goes Green) da gwamnatin Gombe ta ƙaddamar a 2019 da burin dasa bishiya miliyan ɗaya kowace shekara.

A matakin tarayya akwai hukumar NAGGW, wadda aka kafa da doka a 2015 don gudanar da kason Najeriya na Babbar Koriyar Ganuwa, shirin dashen bishiyoyi daga Senegal zuwa Jibuti da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Jihohi 11 take aiki: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Ƙarfinta ya fi karkata ga karkara, wato shingen bishiyoyi mai tare iska, gandun itacen girki, lambunan 'ya'yan itace da rijiyoyi. Unguwar da ke gefen gari mai fili ta fi dacewa da ita fiye da lungun tsakiyar birni. Sai shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 da dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Kowace jiha tana da ofishinsa. Idan unguwarku tana fama da zaizayar ƙasa, kwazazzabo ko ambaliya, ku jingina buƙatarku da wannan matsalar, domin a kan irinta aka gina shirin.

Don shawarar masana da iri mai kyau, cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, FRIN, da ke Ibadan tana da tashar bincike a Kano da wata a Samarun Zariya, da kwalejoji a Jos da Afaka ta Kaduna. Sashen nazarin gandun daji na jami'ar da ke kusa da ku ma ƙofa ce da ake mantawa da ita, alhali ɗalibai suna neman wurin gwaji.

Ta ɓangaren masu zaman kansu, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, wadda aka kafa a 1980, tana da shirin dashen bishiyoyi a faɗin ƙasa. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta daɗe tana gudanarwa, kuma shekaru da dama iyakar abin da yake ba ƙungiya guda dala 50,000 ne. Wannan sai ƙungiya mai cikakkiyar rajista da tarihin aiki, don haka ku ajiye shi sai shekara ta biyu ko ta uku. Shirin Biranen Bishiyoyi na Duniya, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da gidauniyar Arbor Day ta Amurka suka fara a 2019, shi ba kuɗi yake bayarwa ba, shaida ce ga birnin da ya cika sharuɗɗa biyar: mai alhakin bishiyoyi, doka, ƙidaya, kasafi da bikin shekara. Hukumar gari ce ke nema, ba unguwa ba, amma sharuɗɗan sun isa abin da za ku ɗora wa kansila da ciyaman a kan tebur.

A Nijar, ƙofar ita ce ma'aikatan gandun daji da ofishin magajin gari. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasar, don haka buƙata ta isa gare su tun kafin Yuli.

Kada ku raina na gida: attajirin unguwa, mai gidan mai, mai gidan bulo, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, 'yan unguwa mazauna Legas ko Abuja. Su ne suka fi saurin amsawa.

Abin da za ku rubuta

Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Sunan ƙungiya da shaidar rajista, wurin aiki, adadi da irin bishiyoyin, inda ruwa zai fito, jerin masu riƙo, abin da kuka riga kuka tara da kanku, sai abin da kuke nema. A haɗa da wasiƙar mai unguwa ko dagaci mai hatimi. Ku kai tun Maris ko Afrilu, ku karɓi kwafin da aka buga wa tambarin karɓa, ku sa mutum guda ya riƙa bibiya. Wanda ya zo a Agusta ragowa yake samu.

Ku raba buƙatar gwargwadon abin da kowa ke iya bayarwa. Gwamnati ta ba da dashe, mai gidan bulo ya ba da bulo, attajiri ya ɗauki kuɗin ruwan wata uku na bazara. Idan mai tallafi ya ce a zaɓi abu ɗaya, ku zaɓi kejin kare dashe ko tankin ruwa, domin dashe kuna iya reno da kanku a ledar fiya-wata da aka huda, da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Irin darbejiya a shuka shi da ɗanyensa, ba ya jure ajiya fiye da 'yan makonni. Na kuka da na gawo masu taurin ɓawo ne, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare. Duk wanda kuma ya ce ku biya kuɗin fom kafin a ba ku tallafi, ku je ofishin da kanku ku tambaya.

Rami da dasawa

A haƙa ramuka mako biyu ko uku kafin dasawa, faɗi da zurfi kamar santimita 60. Ƙasar sama a ware ta gefe guda, a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, ita za ta fara komawa ramin. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Ƙasar cikin gari cike take da ɓaraguzan gini da leda, a tsince su tas.

Lokacin dasawa shi ne bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta gwargwadon yanki. Dashen Satumba bai gama kafa saiwa ba ruwa zai ɗauke. Wajen karɓar dashe, kada tsawo ya ruɗe ku. Wanda ya kai gwiwa mai kaurin jiki ya fi dogo siriri da ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe. A dasa da yamma. A yanka ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Wannan kuskuren ya yawaita a ranar biki, inda ake cusa dashe da ledarsa saboda sauri. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, a danna da ƙafa a hankali, a yi masa ɗan gurbi zagaye mai riƙe ruwa, a ba shi jarka guda nan take. A fili mai gangare ko ƙasa mai tauri, a yi ramin rabin wata a sama da shi yadda manoman Tawa ta Nijar ke yi, don ya tare ruwan sama.

Keji, gara da bazara

Kejin ya riga dashen zuwa wurin, kada a ce gobe. Dare ɗaya ya ishi akuya. Bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga shi ya fi daɗewa, sai ragar waya da turaku uku, sai tsohuwar ganga da aka cire wa gindi, sai ƙayar magarya ko ta bagaruwa ga wanda ba shi da hali. Tsawonsa ya kai ƙirjin babban mutum, domin akuya tana miƙewa da ƙafa biyu, kuma idan rani ya yi tsanani ko ɗacin darbejiya ba ya hana ta.

Gara tana kama dashen da ƙishi ya raunana. A zuba toka a kewayen gindi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganyen darbejiya don riƙe laima, amma kada su taɓa jikin itacen. Shayarwa mai yawa sau biyu a mako ta fi yayyafin kullum, domin ita ke sa saiwa ta nutsa ƙasa. Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa a gefen dashen har wuya, a cika shi a rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafowa a hankali. Maris zuwa Mayu su ne watannin mutuwa, kuma wasu shekarun azumi yana faɗowa kusa da su, lokacin da kowa ya gaji. A tsara tun da wuri wa zai shayar bayan sallar Asuba. A shekara ta biyu a fara rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a bar jiki ɗaya ya miƙe. Yawancin irin da aka ambata suna iya tsayawa da kansu bayan rani biyu ko uku.

Idan kuna da fili a bayan gari

Garin da ke da makiyaya, tsohon gandun daji ko babbar maƙabarta, kada ya yi gaggawar sayen dashe. A duba ƙasa tukuna. A yankin Maradi, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin suka yaɗa dabarar renon tohon kututture: a zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafi ƙarfi daga kututturen sabara, kalgo ko gawo da ke tohowa, a sare sauran, a kare su. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, don haka ba ta neman shayarwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce.

Wannan tabbacin shi ya kamata ku rubuta kafin gandun al'umma ya girma: wa ke da izinin sassabe, yaushe ake buɗe wa masu kiwo, ina kuɗin itace da 'ya'ya ke shiga, mene ne tarar wanda ya yi sara ba izini. A zauna da ardon Fulani da masu sayar da itace, hakimi da malamin daji su sa hannu, a kuma nemi ƙaramar hukuma ta auna filin ta kafa duwatsun iyaka. Koren shingen darbejiya da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 ya rasa yanki mai yawa ne saboda yankan filaye da gine-gine, ba saboda fari ba.

Ƙidayar watan Yuni

Da ruwan farko ya sauka, ku ɗauko littafin nan ku sake bin layi-layi. A gaban kowane suna a rubuta ta rayu ko ta mutu, da dalili: akuya, gara, ƙishi, yara, mota. A ɗauki hoton kowace daga inda aka ɗauka ranar dasawa. Waɗanda suka mutu a maye gurbinsu a daminar nan, idan kuma mai riƙon ne ya yi sakaci, a ba wani. Wanda tasa ta fi kyau a kira sunansa a gaban mai unguwa a ba shi ko da turmin atamfa ne ko buhun taki. Sai a rubuta rahoton shafi guda mai ɗauke da adadin gaskiya, ko da 60 ne cikin 100, a kai wa duk wanda ya ba da ko bulo ɗaya, a haɗa da buƙatar layin da ke gaba.